Karkataccen Ɗinkin Leona

Ranar da Orval Petrasek ya sauko ɗakin ƙasa na cocinmu rungume da jakar bargo, sai da Twila, ɗaya daga cikin matan ƙungiya, ta ƙware da kofi. Tun zamanin kakanninmu ƙungiyar masu ɗinkin bargo take taruwa a ɗakin nan duk Talatar farkon wata, kuma namiji bai taɓa shiga ba sai in famfo ya lalace ko ana neman mai ɗaga tebur. Ga shi yau ƙato guda ya cire hula, ya ja kujera, ya zauna a tsakiyar mata kamar an aika masa da gayyata.

"Orval, ɓatan hanya ka yi?" in ji Twila, tana goge haɓa. "Banɗakin maza yana sama."

"Taro na zo," ya ce.

Ba wanda bai san Orval ba a garin nan. Shekara arba'in da ɗoriya yana yawo da tsohuwar a-kori-kurarsa cikin gonakin masarar wannan yanki na Nebraska, yana gyaran rijiyoyi da injinan ban-ruwa. Da wuya ka sami manomin da bai taɓa tashinsa da sassafe ba yana ihu shanu ba su da ruwa. Mutum ne mara magana. In ya ce maka "to", ya gama hira ke nan, sai ka nemi wani. Hannuwansa kuwa, tabɗi! Kowane yatsa kamar totuwar masara, faratan sun yi baƙi ƙirin da man inji, sabulu ya daɗe da haƙura da su. Wai wannan hannun ne zai riƙe allura.

Matarsa Leona ce ta kawo shi, ita da aka binne watan da ya wuce. A harkar bargo, Leona ba ta da na biyu a duk gundumar nan. Kowa yana iya yanka ƙyallaye ya haɗa su, ya shimfiɗa auduga a tsakiya, ya bi da allura. Amma ɗinkin Leona ƙanana ne, daidai wa daida, har baƙi kan juya bargon suna neman shaidar keken ɗinki. Babu. Hannu ne zalla. Duk gidan da aka yi aure ko haihuwa akwai aikinta, kuma a gasar shekara-shekara mata sun daɗe da sallama mata ta ɗaya, suna faɗa a kan ta biyu.

Akwai abin da gari bai sani ba, Orval kaɗai ya sani. Wata safiya suna karin kumallo sai ya ji cokali yana kaɗawa a kofin Leona, ƙwal-ƙwal-ƙwal, ba ta kuwa motsa shi da gangan ba. Ya dubi hannun, ta dubi hannun. Likita a birni ya ce ciwon karkarwa ne, ba ya warkewa, sai dai ya ƙaru. Suna dawowa ta aika wa ƙungiya cewa idonta ya gaji, za ta huta. A coci ta koma sa safar hannu tana cusa hannun a aljihun kwat. Mace ce mai ji da kanta, gara a ce ta yi girman kai da a ce an tausaya mata.

Amma ba ta ajiye allura ba. Tana da bargo guda da ya rage, mai taurari shuɗi da fari, an ci fiye da rabinsa tun hannu yana hannu. Kullum da hantsi ta zauna gefen taga, Orval ya laso bakin zare ya yi ta fama da ramin allura har ya zura mata, ita kuma ta soka. Ranar da ya fara leƙa abin da ta ɗinka, sai da ya dafa bango. Wani dogo, wani guntu, layin ya kama hanya ya karkace ya dawo. Leona ce ta yi wannan? Ta ga fuskarsa.

"Na sani," ta ce. "Rufe bakinka. Orval, kada ka bari Ardith ta ga wannan. Ko bayan raina. Ka rantse."

Ya rantse. Ta ci gaba da soka allurarta har ta cika kusurwa guda, faɗinta bai fi tafin hannunsa biyu ba, sannan wata rana zuciya ta tsaya.

Ita Ardith Kovanda ita ce shugabar ƙungiya, ƙawar Leona tun suna 'yan mata, kuma ita ce mai cin ta biyun nan a gasa. Ta yi shekaru tana riƙe da kicin ɗin makarantar firamare, har yau yadda take wa yara magana a layin abinci haka take wa kowa. Zuciyarta fes, wannan ba mai musu. Matsalarta guda: ba ta iya ganin abu a buɗe ta wuce. Ko ƙofar kabad ɗin gidanka ta gani a buɗe sai ta tashi ta rufe. Ga kuma al'adar ƙungiya, in mamba ta rasu ana kwaso aikin da ta bari, a taru a ƙarasa wa iyalinta. Ba a yi sati da jana'iza ba sai ga Ardith a ƙofar Orval da kwanon dankali da nama.

"Na zo karɓar na Leona," ta ce. "Na san akwai mai taurarin nan."

Orval ya tare ƙofa da jikinsa. Ƙarya ba sana'arsa ba ce, abin da ya fara zuwa bakinsa shi ya fito. "Ni zan ƙarasa."

"Kai?" Kaɗan ya rage kwanon ya suɓuce mata. "Kai Orval? Da waɗannan hannuwan?"

"To."

"To shi ke nan. Amma ka san dokarmu. Duk mai aikin da bai ƙare ba, taro yake zuwa ya buɗe shi gaban jama'a, ya faɗi inda ya tsaya. Sai mun gan ka ranar Talata."

Ita a tunaninta ta tsorata shi. Shi kuwa ya san Ardith. In bai je ba, kullum tana ƙofarsa da sabon kwano har sai ta fita da bargon. Ban da haka, gidan ya yi masa shiru da yawa. Abin da ya sauko da shi ɗakin ƙasa ke nan.

Aka fara zagaye kamar kullum. Kowace ta miƙe ta warware abin kunyarta, ta yi bayani, a yi mata dariya, a ba ta shawarar da ba za ta bi ba. Wata ta ce yadin baya ne ya ƙare, kuma kantin ya daina kawo irinsa. Wata ta ce ta tsani launin tun ranar da ta saya. Twila ta ɗaga nata mai 'yan agwagi ta ce na jaririn ƙanwarta ne.

"Wane jariri?" in ji Ardith. "Wanda ya zo coci da gemu ranar Lahadi?"

"Ai zai haihu," in ji Twila. "Ku bar ni."

Da aka zo kan Orval, ya miƙe ya buɗe bargon a hankali, ya dunƙule kusurwar nan cikin hannunsa na hagu. Mata suka ja numfashi. Aikin Leona ne sak, wasu har sun fara share ido. Twila ta taso ta kama ɗaya gefen don ta taya shi, ta kuwa ja da ƙarfinta na matar manomi. Kusurwa ta suɓuce ta faɗo a fili.

"Ya Ubangiji!" Twila ta dafe ƙirji. "Me ya bi ta nan? Kaza?"

Suka yo caa a kai. Ardith ta ɗora tabarau a hanci, ta sunkuya, ta daɗe tana dubawa. Orval ya zuba mata ido. Ya tabbata ta gane. Shekara nawa suna ɗinki kafaɗa da kafaɗa?

Ta ɗago. "Wa ya yi wannan ta'asar a kan aikin Leona?"

"Ni ne," ya ce.

Kai, ranar ya sha zagi! Wata ta ce da igiyar rijiya ya yi. Wata ta tambaya ko a cikin mota yake ɗinkin yana tuƙi. Ardith ta ce da Leona za ta gani da sai ta kore shi ya kwana a gareji. Shi kuwa yana tsaye yana murmushi kamar wawa. Tun da aka haife shi bai taɓa jin daɗin zagi irin na ranar ba, domin asirin matarsa ya rufu, kuma shi ya rufa shi.

Daga nan ya zama ɗan gida. Duk wata ya zo ya buɗe bargo, a ce, "Orval, ina aka tsaya?" ya ce, "Nan dai," a kwashe da dariya. Sun yi sun yi su koya masa riƙon allura, ya ce sai wata mai zuwa. Ya gyara musu tukunyar kofi, ya gyara ƙafar tebur, ya ci kek ɗinsu. Ba wadda ta lura kusurwar ba ta ƙaru da ko suka ɗaya ba, ko kuwa sun lura suna godiya ga Allah.

A gida kuwa kusurwar nan ita ce abokiyar hirarsa. Da hantsi ya zauna gefen taga ya bi ta da babban yatsa. Ya san kowace suka. Ga inda allura ta kuɓuce mata ta yi ashar, ita da ba ta taɓa yi a gaban mutane ba, suka yi ta dariya har da hawaye. Ga ɗigon jini inda ta soki yatsa. Ga wani dogon da ta ce a bar shi haka, ta gaji. Kyakkyawan ɗinkin Leona yana kan gadon rabin gundumar nan, kowa yana da shi. Wannan karkataccen nasa ne shi kaɗai, kuma ya fi son sa da duk sauran bargon.

Ana tsakiyar hunturu, an tashi daga taro, ya taka ƙanƙara a matakalar coci. Ƙafa ta tafi, ƙato ya zube, ƙashin ƙugu ya karye. Mata suka yi ta salati da kururuwa har motar asibiti ta zo ta kwashe shi. Jakar bargo tana can ta yi gefe cikin dusar ƙanƙara, Ardith ta tsince ta ta kakkaɓe.

Yana farfaɗowa daga aikin tiyata, bargon ya fara tambaya. Da Ardith ta zo dubiya ta ce, "Yana wurina, kwantar da hankalinka."

"A ajiye shi yadda yake," ya ce.

"Kai dai ka warke," ta ce, tana gyara masa matashi.

Nan ne fa nake jin haushin Orval. Mutum ya buɗe baki ya ƙara kalma biyar mana! Amma ina, ya ce "to", ya juya kai. Ya kwanta wata da watanni ana koya masa tafiya, abin yana cin sa a rai. Sai ya lallashi kansa, ai ba mai taɓa aikin wani sai mai shi ya mutu, shi kuwa ga shi da ransa.

Ƙanƙara ta narke, ciyawa ta fara tsirowa, aka sallame shi. Talatar farkon Afrilu Twila ta ɗauko shi a motarta, tana ta wani murmushi da bai gane kansa ba. Ya sauka matakala da sanda, ɗaya bayan ɗaya. Yana shiga suka sa tafi. An yi kek, an hura balan-balan, ga wani abu an rataye a bango an lulluɓe da farin zanen gado.

Ardith ta tsaya gaban bangon ta gyara murya. "Orval, mun zauna mun duba. In muka bar ka da bargon nan, sai jikokin jikokinka sun gaje shi a buɗe. Ga ka kwance ba ƙafa. Muka ce Leona tamu ce, kai ma yanzu namu ne. Kowace mace a ɗakin nan ta sa hannu." Ta fizge zanen.

An gama shi. Tun daga sama har ƙasa, an naɗe baki, an goge. Taurarin nan shuɗi da fari sun fito ras, abin ya yi kyau ƙwarai. Mata suna tafi suna kallon fuskarsa, suna jiran ya yi kukan daɗi.

Bai ji tafin ba. Ya ja sanda ya nufi bango, ya kama kusurwar ƙasa ta hagu ya ɗaga. Sumul. Ya ce ko ya ruɗe ne, ya kama ta dama. Sumul. Ya miƙa hannu ya jawo na sama, ya juya bayan bargon, ya dawo kan ta farkon ya bi ta da yatsa. Ƙananan ɗinki ne a jere, daidai wa daida. Ko ɗigon jinin babu.

"Ina na nan?" ya ce. Muryar ba tasa ba ce.

"Aikinka?" Ardith ta yi dariya. "Na tsefe shi tas! Kai, na sha wuya, ka ƙulla wasu kamar kana ɗaure saniya. Har jininka ka bar mana, sai da na sa ruwan sanyi da gishiri. Kada ka ji kunya, ba wanda zai taɓa sanin ka taɓa shi. Yanzu duk ya koma kamar Leona ce ta yi."

Aka sake dariya. Twila ta ce a ba shi kujera, daɗi zai kayar da shi.

Ya so ya ce "to". Wallahi ya so. Rantsuwar tana nan a wuyansa, kuma in ya yi shiru sunan Leona ya tsira har abada. Ya buɗe baki don ya yi godiya, sai wani abu dabam ya fito.

"Ni ban taɓa soka allura a bargon nan ba," ya ce. "Zare kawai nake zura mata."

Dariyar ba ta mutu lokaci ɗaya ba. Na baya ba su ji ba, suna ta yi, sai da suka ga fuskokin na gaba. Twila ta sa hannu biyu ta toshe baki. Wata ta ajiye farantin kek a kan iska, ya faɗi ya fashe, ba wadda ta duba.

"Me ka ce?" in ji Ardith.

"Hannunta ne. Rawa yake yi. Ta fi shekara tana ɓoyewa."

"Ƙarya ne." Ardith ta girgiza kai. "Ido ta ce. Ni ta gaya wa, ido ne. Leona ba za ta..." Sai ta tsaya. Kana ganin abin yana shigarta kaɗan-kaɗan: safar hannun nan a coci har cikin zafi, da ranakun da ta je gidan aka ce mata Leona tana barci. Ta dubi yatsunta kamar na wani ne. "Ya Yesu. Na zauna ina tsefewa ina zaginka. Ina tsefewa ina dariya, Orval!"

Ta lalubi kujera ba ta samu ba, sai da mata biyu suka riƙe ta. Orval yana tsaye riƙe da kusurwar. Baƙin ciki biyu ne suka haɗu masa: ɗinkin ya tafi, ga shi kuma da bakinsa ya tona abin da ya rantse zai rufe, a gaban macen da aka ambata masa da suna. Bai ji haushin Ardith ba. Da ma ya ji, da ya fi sauƙi.

"Zaren fa?" ya ce a hankali. "Wanda kika cire."

Ardith ta ɗago. Kamar yawancin masu ɗinkin nan, ba ta zubar da guntun zare. Kwalba take tarawa, in sanyi ya wuce ta watsa a kan shingen bayan gida, tsuntsaye su kwasa su yi sheƙa.

"Na watsa," ta ce. "Satin da ya wuce. Wayyo Allah, na watsa wa tsuntsaye."

Ba ta jira kowa ba. Ta fizgi makullin mota, ta bar jaka, ta bar kwat, ta haye matakala da gudun da ba a san tana da shi ba. Twila ta sauke bargon daga bango ta naɗe ta danƙa wa Orval, ta sa shi a mota suka bi ta.

Suka same ta a bayan gida, durƙushe cikin taɓo da kayanta na taro, tana tura hannu ƙarƙashin shinge. An yi ruwa, an yi iska, shingen ya wanku. Abin da ya maƙale a ƙaya ɗan kaɗan ne, ja da kore da rawaya na wasu barguna, duk sun jiƙe sun cuɗe. Tana tsinto su ɗaya-ɗaya, ta ɗaga a haske, ta yar, ta sake tura hannu. Ƙaya ta yayyage mata damtse ba ta ko sani ba.

"Fari ne ko shuɗi?" ta ce, ba ta juyo ba. "Orval, na manta. Ni da na cire shi da hannuna, na manta!"

"Fari," ya ce.

Ta ci gaba da tono. Orval ya dogara da sanda, bargon yana hammatarsa, an gama shi tsaf, ba aibu ko ɗaya a jikinsa.

"Ardith, tashi," ya ce. "Taɓo ne."

Ba ta tashi ba.